Asabar Ɗaya A Wata: Zagayen Birnin Kano Da Yara



Duk macen da ke da yara 'yan makaranta a Kano ta san cewa a cikin mako babu wata rana da za a nuna a ce ta hutu ce. Daga Litinin zuwa Juma'a tun asuba ake kan ƙafa. A yi salla, a ɗora ruwan wanka, a dama koko, a nemo safar da ta ɓata, ga mai adaidaita sahu yana ta danna ham a ƙofar gida. Ƙarfe biyu su dawo, su ci abinci a tsaitsaye, su tuɓe kayan boko su sa na Islamiyya, sai dab da magariba a sake ganinsu. Asabar da Lahadi kuwa, da ma'aikata ke kira ƙarshen mako, su ne ranakun da Islamiyya ta fi cika, tunda a yawancin makarantunmu Alhamis da Juma'a ne hutu. Ni da nake koyarwa a Islamiyya, safiyar Asabar ina gaban allo tare da 'ya'yanku.

Abin da ya rage na ranakun nan biyu kuma an riga an raba shi. Wanki na jira, ga kitso, ga cefane, ga bikin 'yar wance da sunan jikar wane, ga gaisuwar rasuwa da dubiya a asibiti. Zumunci ne, babu mai cewa a bari. Amma mu duba da kyau, ko an tafi da yara waɗannan wurare, uwa tana cikin mata ne, su kuma suna can waje suna guje-guje. A haka sai mako ya zagayo yaro bai ji komai daga bakin mahaifiyarsa ba illa "tashi", "yi sauri", "ina littafinka", "bari wannan". Kuma a haka yaron da aka haifa a Hotoro ko Rijiyar Zaki zai kai shekara 10 bai taɓa taka Dala ba. Na taɓa tambayar 'yan ajina, su wane ne suka taɓa hawa Dutsen Dala? Hannuwan da suka ɗagu ba su taka kara sun karya ba, alhali da yawansu suna hango dutsen daga cikin mota.

Abin da muka tsara a gidanmu ba wani babba ba ne. Asabar ɗaya a kowane wata, daga bayan azahar zuwa kafin magariba, mukan ɗauki yara ukun mu je wuri ɗaya tak a cikin garin nan. Babbar tana da shekara 9, mai bi mata 6, autan kuma 3. Ga wurare uku da muka fi jin daɗinsu, da abin da uwa za ta tarar idan ta je.

Dutsen Dala

Dala sai bayan la'asar, idan rana ta yi sanyi. Ana shiga ta lunguna ne na cikin gari, masu gidajen ƙasa da na bulo a cakuɗe, awaki na ratsa hanya, 'yan talla na wucewa da farantai a ka. Ba ka ankara ba sai ka ga jan dutse na marmara ya tsaya a gabanka, gidaje sun kewaye shi har gindinsa. Akwai matakala ta siminti da aka yi har sama. Yaro mai shekara 6 zai hau da ƙafarsa, yana ƙirga matakan yana ɓacewa a lissafi yana sake farawa. Na shekara 3 kuwa sai dai goyo ko kafaɗar uba. Uwa ta hau a hankali, ta huta a tsakiya, babu mai korar ta.

Saman dutsen fili ne shimfiɗaɗɗe, kuma abin da ke fara tarar mutum shi ne iska. Daga nan birni gaba ɗaya yana ƙarƙashin ƙafarka. Ga Goron Dutse can yana fuskantar Dala kamar ɗan uwansa. Ga koriyar ƙubba da hasumiyoyi biyu na babban masallacin Juma'a na cikin gari, wanda aka yi wa ginin da muke gani yanzu a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, a 1951. Ga kwanukan rufi sun yi shimfiɗa iya ganin ido, shirwa na shawagi daidai da tsayin da kake tsaye. Hayaniyar gari tana tasowa sama a haɗe, kukan injin markaɗe da ham na motoci da muryoyin yara. Wasan da yarana suka fi so shi ne neman unguwarmu. Kowa ya nuna wajen da yake zato, a yi ta gardama, sai Abbansu ya raba.

A nan ne labari yake shiga kunnen yaro ba tare da an ce masa ya zauna ya nutsu ba. A gindin dutsen nan Kano ta faro. Masu binciken kayan tarihi sun gano alamun narka tama a wurin tun wajen ƙarni na 7, wato maƙera ne suka fara raya shi. Littafin tarihin sarakunan Kano ya kawo labarin Barbushe, daga zuriyar wani mutum mai suna Dala, wanda yake jagorantar mutanen wurin wajen bautar Tsumburbura, kafin zuwan Bagauda da ake lissafa sarautarsa daga shekarar 999. Wasu iyaye kan ji nauyin ba yara wannan labari saboda batun tsafi da ke ciki. Ni ina ganin ba abin ɓoyewa ba ne, domin daga inda kike tsaye za ki iya nuna musu wajen unguwar Madabo, ki ce musu nan malaman Wangarawa suka zauna, waɗanda suka zo daga ƙasar Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Yaro ya ga inda aka fito da inda aka iso, duk da idonsa, a cikin minti biyar.

Gargaɗi ɗaya: gefen dutsen yana da gangara mai hatsari. Kada a saki hannun ƙaramin yaro, kuma a gindaya wa manyan sharaɗi tun daga ƙasa cewa babu gudu a sama. A sauko kafin duhu ya fara.

Gidan Makama

Idan lokacin zafi ne, watannin Maris zuwa Mayu, da hawan dutse zai wahalar da yara, Gidan Makama ya fi dacewa. Yana kusa da fadar Sarki, ta wajen Ƙofar Kudu. Da zarar an shiga zauren farko za a ji sanyi ya sauka a jiki, ba fanka ba na'ura, kaurin bangon ƙasa ne kawai da tsayin rufin azara. Ki sa yara su ɗaga kai su dubi yadda magina suka lanƙwasa bakan gizo ya riƙe rufi, su shafa bango su ji. Yaran da suka tashi a gidan bulo da kwano, waɗanda suka san yadda ɗaki ke zama tanda da rana, sukan yi mamakin wannan ƙwarai.

Gidan ya samo asali ne tun ƙarni na 15. An gina shi domin Muhammadu Rumfa lokacin yana riƙe da sarautar Makama, kafin ya zama Sarkin Kano daga 1463 zuwa 1499. Shi ne sarkin da ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa, a zamaninsa aka kafa Kasuwar Kurmi, kuma a zamaninsa ne Shehu Magili ya zo Kano ya rubuta masa nasiha a kan yadda ake mulki. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun yi amfani da gidan na wani lokaci, daga baya ya zama gidan adana kayan tarihi.

Ɗakunan suna bin juna, kowanne da abin da aka ajiye a ciki. Yara maza sukan maƙale a wajen kayan yaƙi, sulke da kwalkwali da lifidi da masu da takubba, da kuma manyan ƙyamaren ƙarfe na tsofaffin ƙofofin gari. A nan ne za ki gaya musu cewa sunayen da suke ji kullum a bakin 'yan adaidaita, Kabuga, Na'isa, Ɗan Agundi, Gadon Ƙaya, Mazugal, Wambai, ƙofofi ne na gaske da ake rufewa da dare, a jikin ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa a tsakanin 1095 da 1134. Na tsakiyan nawa ya daɗe yana kallon wani ƙyaure, can ya ce, "Umma, to wanda ya makara a waje fa?" Na ce masa sai ya kwana a bayan ganuwa. Tun daga ranar, idan yayarsa ta yi nawa wajen shiri, sai ya ce za a rufe mata ƙofa.

'Yan mata kuwa, ɗakin amaryar da ne ke ɗauke musu hankali, da gadonta da jeren ƙore da tasoshi. Babbar tawa ta leƙa ko'ina, ta juyo ta ce, "Umma, ina za ta sa firij?" Muka yi dariya, amma daga wannan tambaya muka shiga hirar randa da tulu, da yadda kakarta ke sanyaya ruwa, da yadda ake ajiye nama ya yi watanni bai lalace ba. Da muka koma gida ita da kanta ta je ta tsare Hajiya da tambayoyi, har dare suna hira. Rabon da in ga sun zauna haka su biyu na manta.

Akwai ma'aikata masu zagayawa da baƙi suna bayani. A gaishe su, a roƙe su su taƙaita saboda yara, domin ƙaramin yaro ba ya wuce awa ɗaya a irin wannan wuri kafin ya fara ƙorafi. Yana da kyau kuma maigida ya bincika lokacin buɗewa da na tashi kafin ranar.

Marinar Ƙofar Mata

Wuri na uku shi ne wanda ya fi ba yara mamaki, kuma shi ne wanda na fi jin tsoron kada jikokinmu su tashi su tarar babu shi. Karofin Ƙofar Mata, wanda ake lissafa kafuwarsa daga 1498, yana bakin titi ne, mutum zai wuce shi sau ɗari a mota bai san abin da ke bayan katangar ba. Ana shiga sai wari mai kauri ya tare hanci, yara su toshe hanci suna dariya, bayan ɗan lokaci su manta. Ƙasa cike take da ramuka a jere kamar bakin rijiyoyi, wasu an kife su da murfin saƙa, wasu marina na zaune a bakinsu suna tsoma zane suna ɗagowa.

Abin da ke cikin ramin ruwa ne da baba da toka da katsi, a bar su su jiƙa su yi kwanaki suna tsima kafin ruwan ya kama. A nan ki ce wa yara su zuba ido. Idan marini ya ɗago farin zane daga ramin, kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idonsu. Iskar ce ke ƙarasa aikin, shi ya sa ba a jefa zane a bar shi, sai an yi ta tsomawa ana ɗagawa, kuma gwargwadon yawan tsomawa gwargwadon duhun launi. Wani dattijo da muka tarar ya lura da yadda yaran suka buɗe baki, ya ce, "Malama, matso da su nan su gani da kyau, amma ki riƙe ƙaramin." Na ce, "To Baba, Allah Ya saka da alheri." Ya tsoma wani ɗan ƙyalle sau uku domin su kawai.

Zanen da ake gani a jikin yadin, da'irori da taurari da layuka, yawanci mata ne ke ƙulla shi da zare a cikin gidajensu kafin a kawo marina, sai an rina an bushe a warware ƙullin, wurin da zare ya kama ya fito fari. Na so 'yata ta ji wannan, ta san cewa akwai hannun mace a cikin sana'ar da ta ɗaukaka sunan garinsu. A gefe kuma akwai mabuga, inda ake shimfiɗa yadi a kan gungume ana dukansa da manyan sanduna har ya yi ƙyalli. Sautin yana tashi bi da bi kamar daka, autana har rawa ya taka. Baturen Jamus ɗin nan Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ba da labarin yadda tufafin da aka saƙa aka rina a Kano ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Yau ramuka da yawa sun bushe, yadin kanti da rinin bature sun janye kasuwa, kuma ba kowane ɗan marini ke son gadon sana'ar ba.

Ladabin wurin shi ne a yi sallama, a nemi izini kafin a ɗauki hoto, kuma kada a fita hannu rabbana. Ko ɗan hankici ne a saya, mutanen nan neman abincinsu suke yi. Ramukan suna da zurfi fiye da tsayin mutum, saboda haka mai rarrafe da mai tatata su zauna a goye.

Sauran wurare

Idan yaran duk ƙanana ne, ba su kai fahimtar labari ba, gidan zu ya fi musu, wanda aka kafa a zamanin Gwamna Audu Bako, da ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. Akwai inuwar bishiyoyi da wurin shimfiɗa tabarma, kuma yaron da ya sha jin Kura da Zaki a tatsuniya zai so ya gan su ido da ido. Sai dai a guji ranakun bikin Salla, cunkoson ya fi ƙarfin mace mai goyo. Akwai kuma Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, gidan Baturen da ya buɗe makarantar boko ta farko a Kano a 1909. Wadda ba a Kano take ba, kowane gari da nasa. Katsina na da hasumiyar Gobarau, Daura na da rijiyar Kusugu, Argungu na da gidan tarihi na Kanta, Zariya na da Kufena, Damagaram na da fadar Sarki da tsohuwar unguwar Birni.

Shirin fita

Rabin wahalar fita da yara a shiri take. Tun daren Juma'a a fitar da kayan sawa, a rage wankin da za a iya ragewa, a yi miyar daren Asabar da safe domin kada a dawo a gaji a shiga kicin. A ci abincin rana a gida, a yi azahar, kowa ya yi alwala ya kama ruwa kafin a fita, domin ba ko'ina ake samun makewayi mai tsabta ba. A jaka a sa gorar ruwa, da zoɓo ko kunun aya na gida, da dabino ko gyaɗa ko gurasa, da ƙaramar darduma, da kayan canji na ƙaramin, da zanen goyo ko da yaron ya fara tafiya, da leda ta zuba shara. Takalmi ya zama mai kama ƙafa, ke ma uwargida ki ajiye mai tsini. A rubuta lambar wayar uba a 'yar takarda a sa wa kowane yaro a aljihu, a kuma koya masa cikakken sunan mahaifinsa da na unguwarsu. Waya kuma ta zauna a jaka sai za a ɗauki hoto, in ba haka ba an canza wurin zama ne kawai.

Batun kuɗi gaskiya ne, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo. Amma mu yi wa kanmu adalci, mu kwatanta kuɗin adaidaita na zuwa da dawowa da kuɗin anko ɗaya da ɗinkinsa. Ana iya haɗa kai da maƙwabciya a raba kuɗin abin hawa. Wadda ke da abokiyar zama, idan suka kwashi yaran gidan gaba ɗaya suka fita tare, ribar ta wuce ta yawon buɗe ido, domin yaran za su tashi da labari ɗaya da suke tunawa tare.

Maigida kuma kada a tare shi da maganar ranar da ake son fita. A faɗa masa tun farkon wata, a lokacin da ya ci ya huta, a bar shi ya zaɓi Asabar ɗin da ta fi masa sauƙi. Da yawan mazajenmu 'yan kasuwa ne, Asabar ranar ciniki ce a Kwari da Singa da Sabon Gari, to a mayar da ita Lahadi. Idan ya samu zuwa, shi ne ya fi, domin yara suna bukatar su ga ubansu a wani hali da ba na gajiya ba. Idan bai samu ba, da izininsa a tafi da ƙaninsa ko da kakar yara. Tsofaffin cikin gari sun san labarin kowane lungu fiye da abin da ke rubuce a jikin bango.

A matsayina na malama ina gane yaron da ake fita da shi ana hira da shi. Yana da tambaya, kuma idan aka ambaci wani abu a darasi yana da hoton da zai jingina shi a kai. Shekarun da yaro ke riƙe hannun uwarsa a titi yana tambayarta "mene ne wancan" ba su da yawa. Da ya shiga sakandare abokai ne za su karɓe shi, ko waya, kuma amsar da ba mu ba shi ba wani zai ba shi irin tasa. Biki da suna ba sa ƙarewa, wanki ma gobe yana nan. Ganuwar da kakanninmu suka gani da tsayinta kuwa, a wurare da yawa yau sai tudun ƙasa, wani wurin ma gini ya hau kanta. Mu kai su su ga abin da ya rage tun muna da ƙarfin hawa matakala, su ma tun suna son tafiya da mu.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa albarka a lokacinmu, Ya kai mu wata mai zuwa lafiya, amin.